SHARHI: Rigimar irin GMO da tambayar da Abuja ta manta ta yi

Tun daga watan Janairun 2024, lokacin da kwamitin ƙasa mai rajistar sababbin irin shuka ya amince a fitar wa manoma da masarar TELA iri huɗu, muhawara kan amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wato GMO, ba ta lafa ba a Abuja. A watan Mayun shekarar, Majalisar Wakilai ta yanke shawarar bincikar yadda irin ya samu shiga ƙasar nan, ta kuma nemi a dakata har sai ta kammala aikinta. Ƙungiyoyin kare muhalli irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey na neman a haramta shi ɗungurungum. Ita kuwa Hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin tantance irin waɗannan halittu, ta tsaya kai da fata cewa duk abin da ta sa wa hannu ya bi matakan gwaji.

Kusan dukkan ce-ce-ku-cen ya tattara ne a kan tambaya guda: abincin nan guba ne ko ba guba ba ne? Tambaya ce da ta cancanci amsa, domin ba a wasa da abin da zai shiga cikin mutum. Sai dai akwai wata tambayar da ba a cika jin ta a zauren majalisa ko a taron manema labarai ba, alhali tarihin ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka ya nuna ita ce ke yanke hukuncin ko manomi zai ci riba ko zai tafka asara. Shekara nawa irin zai yi yana kashe tsutsa kafin tsutsar ta fi ƙarfinsa, kuma wa aka ɗora wa nauyin tsawaita waɗannan shekaru?

Amsar tana cikin rassa uku na ilimin halittu: yadda ake gadon siffofi, yadda jinsin halitta ke sauyawa idan aka matsa masa, da yadda halittun gona ke rayuwa da juna. Duk mai rubuta wa minista ko ɗan majalisa takardar shawara a kan wannan batu yana buƙatar ya san su, ko da a taƙaice.

Me aka sauya a cikin irin?

Kowane mai rai, daga ƙwayar wake zuwa ɗan Adam, yana ɗauke da umarnin gininsa a cikin sinadarin DNA. Kowane yanki na wannan umarni da ke sa jiki ya haɗa wani furotin shi ake kira ƙwayar gado. Tun a shekarun 1860 wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ya gano, ta hanyar auratar da tsirran wake a lambu, cewa siffofi na bin ƙa'idar lissafi daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma kowane ɗa na karɓar ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Manomanmu sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida ba tare da sun ba ta suna ba, duk lokacin da suka ware zangarniya mafi kyau don irin baɗi. Abin da fasahar zamani ta ƙara shi ne ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta dabam a dasa ta cikin shuka. A waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ta samar, wanda aka yi wa rajista da sunan SAMPEA 20-T a watan Disambar 2019, an dasa ƙwaya guda ce daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt. Ƙwayar na sa waken ya haɗa wani furotin da ke fasa hanjin tsutsar Maruka, mai cin fure da kwanson wake, wadda kan lashe har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona idan ta yi tsanani. Masu binciken sun ce manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina zai iya tsayawa a kan sau biyu.

Masarar TELA, wadda ita ma daga Samaru ta fito da sunayen SAMMAZ 72T zuwa 75T, na ɗauke da furotin Bt iri biyu, da wata ƙwaya mai taimaka mata jure ƙarancin ruwa. An yi ta ne domin tsutsa mai huda kara da kuma baƙuwar tsutsar nan 'yar nahiyar Amurka, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a farkon 2016, kuma Najeriya na cikin wuraren da aka fara ganinta. Kafin waɗannan biyu, a 2018 an amince da audugar Bt ta kamfanin Mahyco na Indiya.

Batun lafiya da batun ajiye iri

Furotin Bt ba baƙo ba ne a aikin gona. Tun a 1938 aka fara sayar da shi a Faransa a matsayin maganin feshi, kuma har gobe masu noman da ba sa amfani da sinadarai na fesa shi. Yana aiki ne idan ya samu hanji mai kaifin kanwa irin na tsutsa, da wasu wuraren maƙalewa na musamman a bangon hanjin. Cikin mutum tsami gare shi, kuma ba shi da waɗannan wuraren. A 2016 Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasar Amurka sun yi bitar binciken shekara ashirin, suka ce ba su samu tabbatacciyar hujjar cewa amfanin gonar GMO da ke kasuwa ya fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba. Wannan bai ɗauke wa hukumominmu nauyin gwada kowane sabon iri a kan kansa ba, bai kuma soke haƙƙin mai saye na a rubuta masa abin da ke cikin buhu ba. Abin lura shi ne, rahoton nan da magoya bayan fasahar ke yawan kafa hujja da shi, shi ne kuma ya yi gargaɗin cewa ƙwari sun riga sun bijire wa Bt a wuraren da aka yi sakaci.

Haka zancen cewa irin GMO ba ya tsirowa idan aka sake shuka shi. Fasahar da za ta hana iri tsirowa an taɓa yi mata rajistar mallaka, amma ba a taɓa fitar da ita kasuwa ba. Waken SAMPEA 20-T ana iya ajiye shi a sake shukawa, domin wake kan auri kansa a cikin furensa. Masarar TELA kuwa irin haɗin aure ce, wadda manoma ke kira haibirid, kuma duk haibirid, na GMO ne ko ba na GMO ba, 'ya'yansa kan rarrabu su ragu da kyau a shuka ta biyu. Ƙa'idar Mendel ce ke aiki a nan. Tsoron dogaro da kamfanonin iri yana da tushe, amma ya girmi GMO, kuma maganinsa na cikin dokar kasuwar iri da ƙarfafa cibiyoyin bincike na gwamnati.

Yadda tsutsa ke fin ƙarfin magani

Manomi kan ce tsutsa ta saba da magani. A zahiri ba tsutsa ɗaya ce ke sabawa ba. A cikin miliyoyin tsutsotsi, akan samu 'yan ƙalilan da aka halitta da ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu, wanda ke sa gubar ba ta kama su sosai. Idan maganin ya kashe sauran, su ne ke ragewa su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Bayan zuriya da yawa, sai ya zama su ne suka cika gonar. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Charles Darwin ya bayyana a 1859, kuma a wannan mataki abu ne da ake gani da ido, ana auna shi a ɗakin gwaji.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana kuɗarsa. Kulorokwin ya yi shekaru yana warkar da zazzaɓin cizon sauro a kan kuɗi kaɗan, har ƙwayar cutar mai juriya ta yaɗu, ya zama dole a 2005 ƙasar ta koma ga haɗin magunguna na ACT. Maganin bai lalace ba, abokin gabarsa ne ya sauya.

Shukar Bt ta fi feshi matsa wa tsutsa, domin feshi kan wanke bayan kwanaki, ita kuwa shukar tana fitar da furotin ɗin dare da rana daga tsiro har girbi. Baƙuwar tsutsar masara kuma na da duk abin da ke hanzarta juriya. Uwarta, wani ƙwaron dare mai kama da malam-buɗe-littafi, kan saka ƙwai kimanin dubu, tana kuma iya tafiyar kilomita masu yawa a dare guda. A yanayin zafi zuriya ɗaya kan kammala cikin kusan wata guda. Ba mu da sanyin hunturu irin na Turai da zai katse ta, ga noman rani a fadamu da madatsun ruwa yana ba ta abinci bayan damina. Tuni wannan tsutsa ta bijire wa wani nau'in furotin Bt a tsibirin Puerto Rico a 2006, sannan a Brazil bayan 'yan shekaru.

Lissafin gonar mafaka

Dabarar da masana suka fito da ita don jinkirta juriya za ta zo da sauƙin fahimta ga duk wanda ya san gwajin jini kafin aure. Mai AS na ɗauke da ƙwayar sikila guda, amma cutar ba ta bayyana a jikinsa sai ga wanda ya gaji biyu, wato SS. Shi ya sa idan AS ya auri AA ba a haifar SS, amma idan AS biyu suka haɗu, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Lissafin gadon ne kawai ya zo ɗaya da abin da ake magana a kai.

A lokuta da yawa juriyar Bt haka take: sai tsutsa ta gaji ƙwayar juriya daga uwa da uba sannan take tsira. Mai ƙwaya ɗaya tana mutuwa, muddin furotin da ke cikin shukar yana da ƙarfi sosai. Saboda haka ake buƙatar manomi ya shuka wani ɓangare na gonarsa da irin da ba na Bt ba. A wannan ɓangare, wanda ake kira mafaka, tsutsotsi marasa juriya ke rayuwa da yawa. Idan 'yan ƙalilan masu juriya suka fito daga ɓangaren Bt, sai su tarar da dubban marasa juriya su yi barbara da su, 'ya'yan su fito da ƙwaya ɗaya, shukar ta kashe su. A yankin noman masara na Amurka an wajabta mafakar kashi 20 cikin 100 ga masara mai furotin ɗaya, aka rage zuwa kashi 5 ga wasu masu furotin biyu ko fiye, domin da wuya tsutsa guda ta gaji juriyar guba biyu a lokaci ɗaya.

A takarda dabarar ba ta da aibu. A gona kuwa tana nufin a ce wa mai hekta ɗaya ya bar wa tsutsa wani yanki ta ci, domin amfanin da shi da maƙwabtansa za su gani bayan shekara goma. Wanda ya ƙi bi shi ke cin riba a bana, asarar kuma ta kowa ce idan ta zo. Irin wannan matsala kasuwa ba ta warware ta da kanta, sai da hukuma.

Darasi daga waɗanda suka riga mu

Afirka ta Kudu ta fara noman masarar Bt a 1998. Zuwa 2007 an ba da rahoton cewa tsutsa mai huda kara, jinsin da ke addabar dawa da masara a nan Najeriya, ta bijire wa irin a wasu gonakin ban ruwa. Bincike ya nuna manoma da yawa ba su shuka mafaka ba a shekarun farko, sannan daga baya aka gano cewa juriyar wannan tsutsa ba ta ma buƙatar ƙwaya biyu kafin ta bayyana. Ke nan kowace tsutsa sai an yi nazarinta a kan kanta, ba a ari lissafin wata a ɗora mata ba.

Indiya ta amince da audugar Bt a 2002. Ana haɗa wa manomi ƙaramin ƙunshin irin mafaka da kowane ƙunshin da ya saya, amma da yawa ba sa shuka shi. A 2010 kamfanin Monsanto da kansa ya amsa cewa jar tsutsar auduga ta bijire wa irin farko a jihar Gujarat. Zuwa 2015 ta bijire wa na biyu mai furotin biyu, wato Bollgard II, kuma wannan fasahar ce ke cikin audugar da Najeriya ta amince da ita a 2018.

Amurka ta fuskanci wannan tsutsa ɗin da irin wannan audugar, amma sakamakon ya sha bamban. A jihar Arizona an bi dokar mafaka, ana kuma auna tsutsotsi kowace shekara don gano juriya da wuri. Daga 2006 aka ƙara da sakin ƙwarin da aka hana haihuwa. A 2018 gwamnatin ƙasar ta sanar da kawar da tsutsar daga yankunan noman audugarta. Iri ɗaya, tsutsa ɗaya, amma a can ta ƙare, a Indiya ta yi nasara. Bambancin na wajen sa ido da bin doka.

Burkina Faso ta ba da wani darasin dabam. Ta rungumi audugar Bt a 2008, ta yi watsi da ita a 2016, ba don tsutsa ba, sai don zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Ƙwayar Bt ta yi aikinta, amma auratar da ita da irin ƙasar ya tafi da ingancin da aka san audugarsu da shi. Shuka dubban ƙwayoyin gado ce, ba ɗaya ba.

Gona ba ta tsutsa ɗaya ba ce

Reshe na uku shi ne dangantakar halittu da muhallinsu. Waken Bt na kashe Maruka, amma ba ya taɓa darɓa, ko ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure, ko masu tsotse kwanso. Domin su ne aka bar feshi biyun nan. Manomin da aka gaya wa cewa ya samu waken da ba ya son magani, zai yi asara ya kuma zargi irin. A arewacin Sin, wani bincike na shekara goma da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa raguwar feshi a gonakin audugar Bt ta bai wa wasu ƙwari masu tsotsa, waɗanda da ba a damu da su ba, damar yawaita har suka shiga gonakin maƙwabta. Raguwar feshin na kuma da alherinta, domin tana barin gizo-gizo da sauran masu cin ƙwari su rayu. Wanne zai rinjayi wani a gonakinmu, sai an auna a nan.

Waken Bt kuma ba ya hana ƙwaron da ke huda wake a rumbu. Haramcin da Tarayyar Turai ta sa wa busasshen waken Najeriya a 2015 ya biyo bayan samun maganin ƙwari na dichlorvos fiye da ƙima, irin wanda ake zuba wa wake a wurin ajiya. Maganin wannan na ga buhunan da ba sa shan iska, irin na PICS, da tsawatar wa masu zuba guba a hatsi.

Sai batun tsallakar ƙwayar gado zuwa wasu tsirrai. Masara 'yar asalin Meziko ce, ba ta da dangi na daji a Afirka, amma iska na kwasar bununinta zuwa gonar maƙwabci, don haka mai ajiye irin gargajiya na iya samun ƙwayar Bt a cikin nasa ba da saninsa ba. Wake kuwa ɗan gida ne, a Afirka aka fara noma shi, yana da dangi a dazuzzukanmu, ko da yake auren kansa da yake yi na rage tsallakar. Wannan dalili ne na a kula da rumbunan adana irin gargajiya da ke hannun cibiyoyin bincike. A ɗaya ɓangaren, muhalli na taimakawa: Maruka na rayuwa a kan wasu itatuwa da tsirran daji dangin wake, kuma mafi yawan waken da ake nomawa har yanzu ba na Bt ba ne. Wannan mafaka ce ta kyauta, amma za ta riƙa raguwa gwargwadon yadda sabon irin ke karɓuwa. Nasarar irin ita ce ke kusanto da haɗarinsa.

Abin da ya rage ga Abuja

Idan aka ɗora waɗannan darussa a kan tsarinmu, giɓin a bayyane yake. NBMA na ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli, ita ke ba da izini. Hukumar NBRDA, mai tallata fasahar, na ƙarƙashin Ma'aikatar Kimiyya. Tantance ingancin iri na hannun Hukumar NASC, abinci da ke kasuwa na hannun NAFDAC, malaman gona kuma galibinsu ma'aikatan jihohi ne, ga su kaɗan, ga rashin abin hawa. Kowa na da rabonsa a ranar ƙaddamarwa. Ranar da tsutsa ta fara tsira a gonar Bt a Saminaka ko Funtuwa, wa zai fara sani, kuma wa zai ɗauki mataki? Tsari mai hukumomi biyar da babu mai ɗaukar alhakin ƙarshe shi ne jifan gafiyar Ɓaidu.

Akwai abubuwan da kwamitin majalisa zai iya nema ba tare da ya zama masanin kimiyya ba. Na farko, a fito da shirin jinkirta juriya na kowane iri da aka amince da shi, a bayyana girman mafakar da ake buƙata da wanda zai tabbatar an shuka ta. Na biyu, a ware kuɗi a kasafi domin auna tsutsotsi kowace shekara a manyan yankunan noma, a kuma wallafa sakamakon, domin wanda bai san ƙarfin gubar a kan tsutsa a shekarar farko ba, ba zai gane raguwarsa a ta biyar ba. Na uku, a duba yiwuwar cakuɗa irin mafaka a cikin buhu tun daga kamfani, kamar yadda wasu ƙasashe ke yi, tare da sanin cewa wannan ma na da rauninsa idan tsutsa na yawo daga shuka zuwa shuka. Na huɗu, a matsa wa masu jabun iri, domin gaurayen iri mai raunin furotin makaranta ce ta koya wa tsutsa juriya. Na biyar, a amsa ƙorafin masu suka cewa bai dace mai tallata fasaha ya samu kujera a majalisar gudanarwar mai tantance ta ba. Amincewar jama'a ba ta samuwa idan ana zargin alƙali da zama dangin mai ƙara.

Wanda ke son a haramta GMO da wanda ke son a faɗaɗa shi duk za su iya haɗuwa a kan waɗannan buƙatu, domin irin ya riga ya shiga gonaki, kuma tsutsa ba ta jiran rahoton kwamiti. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, tana kuma cikin manyan masu noman masara a Afirka. An shafe kusan shekara goma ana gwajin waken Samaru kafin ya isa hannun manomi. Idan aka bar shi ba mai tsaro, abin da ya faru a Indiya da Afirka ta Kudu ya nuna ana iya rasa amfaninsa cikin shekarun da ba su wuce waɗanda aka ɗauka ana samar da shi ba, manomi ya koma feshi takwas, ga kuɗin iri a kansa.